Jan Batir Daga Hannun Suruki

A unguwar Sersouf ta garin Tamanrasset, a layin da 'yan Nijar suka jera shagunansu, babu wanda bai san babur ɗin Musbahu ba. Tsoho ne, shuɗi ne a da, amma rana ta cinye launin. Murfin gefensa ya faɗi tun da daɗewa, don haka batirinsa a fili yake, ɗaure da roba, kowa ya wuce yana gani. Amma kada ka kuskura ka raina shi a gaban mai shi, domin wannan babur shi ne ƙafafun Musbahu, kuma ba azanci ba ne, zahirin magana ke nan.

Musbahu ɗan Damagaram ne. Ya shigo Tamanrasset yana ɗan shekara ashirin da biyu, da jaka ɗaya da ƙarfin ƙuruciya, ya kama aikin gini kamar yadda sa'o'insa ke yi. Shekara huɗu yana hawa da bulo yana sauka. Wata Laraba katakon da yake tsaye a kai ya karye, ya faɗo daga bene a kan gwiwarsa ta dama. An yi asibiti, an yi ɗori, ƙashi ya haɗe, amma gwiwa ta sandare, ta ƙi lanƙwasuwa har yau. Daga gida zuwa masallaci yana iyawa da sanda. Abin da ya wuce nan sai an ɗauke shi.

A lokacin an riga an sa masa rana da Salima, 'yar Alhaji Khamisu mai shagon kayan masarufi a wannan layin. Masu ba da shawarar da ba a tambaye su ba, waɗanda ba a rasawa a kowace kasuwa, suka yi ta zarya wurin Alhaji. Yaro ya nakasa, ba sana'a, me zai ciyar da ita? Alhaji ya saurare su ɗaya bayan ɗaya, ya ce shi mutum ya ba 'yarsa, ba gwiwa ba. Aka ɗaura aure ango yana dogara sanda.

Tun daga ranar Musbahu bai ƙara ɗaga ido ya dubi fuskar Alhaji ba. Kunyar suruki kowane Bahaushe yana da ita, amma ta Musbahu ta yi wa ta kowa zarra. Ba ya cin abinci inda Alhaji zai gan shi. Ba ya ambaton sunansa, ko baƙo ne mai suna Khamisu sai dai ya ce masa "mai sunan Baba". In zai gaishe shi, tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa a kan ƙafar hagu, ta dama tana miƙe gefe guda. Alhaji ya sha hana shi wannan durƙuso, shi kuwa ko a jikinsa.

Da ɗan abin da ya tara a gini ya sayi babur ɗin. Ya riƙa ɗaukar sukari da ganyen shayi da sabulu da taliya zuwa ƙauyukan lambu da ke cikin duwatsu, musamman Tahifet, ya dawo da tumatir da albasa, da ɓaure da inabi in lokacinsu ya yi. Sau biyu a mako yake yin wannan tafiya. A kan sirdi, shi da mai ƙafa biyu duk ɗaya ne. Shekara shida ya ciyar da gidansa da haka bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba, kuma ba abin da ya fi wannan yi masa daɗi a duniya.

Abu ɗaya ne ba ya iyawa, buga kik. Sandar kik a dama take, ƙafar dama kuwa ta yi ritaya daga wannan aiki. Saboda haka duk rayuwarsa tana rataye a kan ɗan maɓallin nan da ake dannawa inji ya tashi, shi kuma maɓalli ba ya tsinana komai sai da batir mai rai. Gidan da yake haya yana kan tudu, da safe sai ya saki babur a gangara ya tashi da kansa, don ya rage wa batir wahala. To, amma a daji ba kullum ake samun gangara ba.

A watan takwas na bara, lokacin da hadari ke taruwa a kan duwatsu, Mariyamu yayar Salima ta haihu a Tahifet, inda take aure wurin wani mai lambu da ake kira Hasan. Salima za ta je suna, Musbahu zai kai ta. Ana saura kwana uku maɓallin ya fara nauyi. In ya danna sai inji ya yi ta nishi kafin ya kama. Ana gobe tafiya ya wuce wurin Sufyanu.

Sufyanu bakanike ne, ɗan Maraɗi, rumfarsa tana tsallaken layi, daidai gaban shagon Alhaji. Mutum ne mai tsokana, amma a batun batir ba ya wasa. Yana da wata 'yar na'ura rawaya mai waya biyu, ja da baƙa, da suke kira mita. Ya ɗora wayoyin a kan ƙarafan batirin, ya ƙura wa lambar ido.

"Sha ɗaya da ɗigo takwas," in ji shi. "Danna mu gani."

Musbahu ya danna. Lambar ta zube zuwa takwas.

"Wanga ya gama, abokina. Lahiyayye sha biyu da ɗigo shida yake nunawa in shina hutawa, in an danna kuma ba ya sauka ƙasa da goma. Kai da za ka ɗauki ɗiyar mutane ka shiga duwatsu da ita, canza shi yau. Ba a fafe gora ranar tahiya."

Matsalar Sufyanu ita ce bai iya magana a hankali ba. Ko sirri zai faɗa maka, sai na ƙarshen layi ya ji. Alhaji Khamisu yana zaune a ƙofar shagonsa, ya ji komai. Ya tashi ya shiga ciki, aka ji yana jan kwali. Shekarun baya ya taɓa niyyar shiga harkar kayan babur, ya saro batir kwali guda, sai ya ga harkar ba tasa ba ce, ya tura kwalin ƙarƙashin kanta. Yanzu ga shi ya tsallako layi da wani jan batir a cikin leda, yana share ƙurar da hannun rigarsa, fuskarsa cike da murna. Mai shayi da mai sayar da takalma duk suka juyo suna kallo.

"Ɗana ba zai sayi batir ba alhali ina da shi a ajiye," in ji Alhaji. "Ga shi, sabo dal. Ko ledar ba a ɓare ba."

Kada wani ya ga laifin tsohon. Da zuciya ɗaya ya yi. Shi a saninsa kaya in ba a buɗe shi ba sabo ne, kamar sabulu ko ashana. Bai san batir yana mutuwa a zaune ba, balle wanda ya sha zafin rufin kwano shekara da shekaru.

Musbahu ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya karɓa da hannu biyu yana ta godiya. Sufyanu ya karɓa daga hannunsa, ya yage ledar, ya juya batirin yana duban 'yan lambobin da aka buga a kansa. Fara'arsa ta ɗauke. Ya miƙa hannu zai ɗauki mita, sai ya ji an riƙe masa wuyan hannu.

"Ɗaura kawai," in ji Musbahu ƙasa-ƙasa.

"Ni hwa ko daga kanti anka kawo sai na auna. Al'adata ce."

"Na ce ɗaura."

Sufyanu ya dube shi, ya dubi Alhaji da ke tsaye yana murmushi da hannaye a baya, ya gane. Auna kyautar suruki a gaban idonsa, maƙwabta suna kallo, daidai yake da ka ce masa ba ka yarda da shi ba. Wannan kuwa mutumin da ya yarda da Musbahu ne ranar da kowa ya ce kada ya yarda. Sufyanu ya yi tsaki a ciki, ya kwance baƙar waya, ya kwance ja, ya cire tsohon ya jefa cikin tarin matattu. Ya zaunar da jan, ya ɗaura ja, ya ɗaura baƙa, ya ɗaure da roba.

Musbahu ya yi bismilla ya danna. Inji ya ja da ƙyar, ya sake ja, sannan ya kama, don da ma da ɗuminsa.

"Ka ji ko!" in ji Alhaji yana duban mai shayi. "Kayan zamanin da ke nan, ba irin na yanzu ba."

Da Alhaji ya koma shagonsa, Sufyanu ya sunkuyo, ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen rage murya.

"Lambar da ke kansa ta ce shekara ukku. Ka ji yadda ya ja? Zagayo da shi bayan gidana in auna, ba wanda zai gani."

"In ka auna ka ga ba shi da kyau hwa?"

"Sai mu sa baƙi, irin na wurina."

"Gobe in tsaya ƙohwar shagonsa sallama da baƙin batir a hili?"

"To sa murhi mana."

"Shekara nawa moton nan ba murhi, sai yau?"

Sufyanu ya riƙe haɓa. "Kunyar nan taka wata rana sai ta kwana da kai a daji. To ji nan. Kada ka kashe shi ko'ina sai a kan gangara. Ka ji mi na ce?"

Ya ce ya ji. Gaskiyar magana kuwa, wadda bai faɗa wa ko kansa ba, ba ya so ya sani. In bai sani ba, yana iya cewa Allah zai tsare. In ya sani, dole ya zaɓa.

Da safe suka ɗaure kaya. Ga buhun shinkafa ƙarami, ga atamfa da kayan jariri, ga jarkar ruwa, ga Salima a baya da ƙullin turare a cinya. Ya saki babur a gangara ya tashi, bai ko kusanci maɓallin ba. A ƙofar shago ya yi sallama da Alhaji inji yana aiki, karo na farko da ya gaishe shi daga kan sirdi. Ya ce wai suna sauri ne kada rana ta yi. Alhaji ya leƙa ya ga jan batirinsa a wurinsa, ya sa musu albarka.

Sun bar gari, sun bar kwalta, sun kama hanyar ratse da Musbahu ya saba bi. Ya san ta kamar tsakar gidansu, amma ranar wata irin tafiya ya yi. Duk inda hanya ta yi gargada sai ya riƙe kuloci ya ƙara wuta, kunnensa yana kan inji. Sau ɗaya Salima ta ce a tsaya ta gyara zama ta sha ruwa. Ya tsaya, amma bai kashe ba.

"Malam, ba ka kashewa? Mai yana ƙonewa a banza."

"Ba komai. Yi maza."

Ta dube shi ta gefen ido, ta dubi jan batirin, ta sha ruwanta ta hau.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya lura da sama. Inda suke rana ce tarwai, amma can arewa, a kan manyan duwatsu, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, yana zubar da ruwa kamar an saki labule. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san abin da wannan ke nufi. Ba ruwan da ya sauka a kanka ke ci ba, wanda ya sauka a kan dutse ne, ya gangaro ta kori, wato busasshen rafin nan da za ka ga yashi ne kawai shekara guda, sannan a cikin minti kaɗan ya zama kogi. Akwai kori babba guda tsakaninsu da Tahifet.

Da suka iso bakinsa, a bushe yake, faɗinsa ya kai taku ɗari biyu. Iska mai sanyi tana busowa daga sama da shi, tana ɗauke da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Musbahu ya tsaya, ƙafar hagu a ƙasa, yana ta ba inji wuta kaɗan-kaɗan.

A nan ne kunyar jiya ta zo karɓar hakkinta. Da a ce batirin da ya yarda da shi ne, abin yi a fili yake. Sai ya kashe babur, su zauna a gindin ƙaya, in ruwa zai zo ya zo ya wuce, ko da kuwa sai la'asar. Ya sha yin haka. Amma bakin korin nan shimfiɗe yake, ba tudu ba gangara, sai 'yar saukar da ke faɗawa cikin yashi. In ya kashe a nan, wa zai tayar masa? In kuma ya bar shi yana aiki, mai zai ƙare kafin ruwa ya janye. Ba rezon waya, ba mota, ba kowa.

"Malam, mu jira," in ji Salima.

"Minti biyu ne mun haye. Riƙe ni da kyau."

Ya shiga. Rabin farko yashin da ƙarfi, babur yana tafiya lafiya, har ya fara jin zuciyarsa na saukowa. Da suka wuce tsakiya sai suka faɗa mai laushi. Tayar gaba ta karkace, ta baya ta fara tono, kayan suka rinjaya. Ya kai ƙafar dama ƙasa don ya tare, ƙafar da ba ta tarewa. Hannunsa ya kuɓuce daga kuloci. Inji ya yi tari ɗaya ya mutu.

Shirun da ya biyo baya, Musbahu ya ce har ya mutu ba zai manta da shi ba.

Ya daidaita babur, ya mayar da giya, ya yi bismilla, ya danna maɓallin. Ƙas. Ya sake dannawa. Ƙas, ƙas. 'Yar koriyar fitilar da ke gabansa ta dushe ta ɗauke.

"Sauka," ya ce. "Kwance kayan, maza."

Salima ta diro ta hau kwance igiya. Shi kuma ya sauko ta dama, ya fito da sandar kik, ya tsaya a kan matacciyar ƙafar don ya buga da ta hagu. Bugu ɗaya gwiwar ta ci amanarsa, ya zube a yashi, wani zafi ya harbe shi har ƙeya. Ya kama sirdi ya miƙe, ya sake gwadawa, ya sake faɗuwa.

"Bari in gwada," in ji Salima. Ba ta taɓa tayar da babur ba a rayuwarta. Ta tattare zane, ya riƙe mata kan babur, ta taka da duk nauyinta. Sandar ta dawo ta doke ta a ƙwauri. Ta cije leɓe ta sake. A na huɗu inji ya yi wani ɗan gurnani, har Musbahu ya murɗa wuta, sai ya sake yin shiru. Suka koma turi, ita a baya, shi a gaba yana jan ƙafa. Tayar ta nutse kusan rabi. Taku uku suka samu.

Sai suka ji shi. Da farko kamar babbar mota ce can nesa tana hawan tudu. Musbahu ya ɗaga kai. A kwanar da kori ya lanƙwasa, wani abu ja-ja ya ɓullo, kumfa da karare da itatuwa a gabansa, yana tahowa kamar ba sauri yake ba. Ya san wannan ƙarya ce ta ido.

"Tahi ki haye," ya ce. "Zan taho."

"Sai da kai."

"Na ce tahi!"

Ya koma kan maɓallin yana dannawa, yana dannawa, ko ƙas ɗin ma ya daina yi. Hannunsa ya ƙi sakin kan babur. Ba taurin kai ba ne kawai, tsoro ne. Ya san ko wane ne shi in babu wannan ƙarfen, ya taɓa zama mutumin nan shekara guda a kan tabarma, ana wucewa ana ce masa sannu. Harshen ruwan na farko ya iso, sanyi ƙalau, ya rufe musu idon sawu.

"Musbahu!"

Shekara shida da aure, Salima ba ta taɓa kiran sunansa ba. Jin sa a bakinta ya sa ya waiwayo, ya ga idanunta, ya saki. Ta shiga ƙarƙashin hammatarsa, suka nufi gaɓa, ita tana ja shi yana tsalle da ƙafa ɗaya. Ruwa ya kai ƙwauri, ya kai gwiwa, duwatsu suna birgima suna dukan ƙafafunsu. Sandarsa ta tafi. Da rarrafe suka hau gaɓar, ta riƙo shi ta wuyan riga.

Suna zaune suna haki suka ga ƙarshen abin. Babur ɗin ya ɗan tsaya, ruwa yana rabewa a jikinsa, sannan ya kwanta a hankali. Ya juya sau ɗaya, jan batirin ya bayyana a sama, ya sake juyawa, shi ke nan. Musbahu ya rufe fuska da hannu ya yi kuka, kuka sosai, irin wanda bai yi ba ko ranar da ya faɗo daga bene.

Da ya lafa, Salima ta ce, "Batirin Baba ne ko?"

"Tsautsayi ne."

"Kwalin nan shekara uku yana ƙarƙashin kanta. Duk ranar da na kai wa Baba abinci a kansa nake ajiye kwano. Tun jiya na so in yi magana." Ta share fuska da gefen mayafi. "Na ji nauyi."

Ga su nan su biyu, kowa ya sani, kowa ya yi shiru don girmama mutum ɗaya. Wani Ba'abzine mai kiwon awaki ne ya same su da azahar, ya ɗora Musbahu a kan jaki ya kai su Tahifet. An yi suna, yarinya ta ci sunan Nana Aisha. Bayan kwana uku suka dawo a bayan motar tumatir.

Alhaji ya tarye su da hamdala, ya ce tun da rai ya tsira sauran duk mai sauƙi ne, ruwa kuwa ikon Allah ne. Sannan ya tambaya, da zuciya ɗaya kamar kullum, "Batirin dai bai ba ka wahala ba ko?"

Musbahu yana durƙushe, kansa a ƙasa. "Bai ba ni ba, Baba. Allah ya saka da alheri."

Sufyanu, da ya ji daga tsallake, ya jefar da sifana har ta yi ƙara. Amma shi ne kuma ya zo gida washegari, ya ce yana neman mai zama a rumfa, aikin zaune ne, ba ya son gardama. Haka Musbahu ya koma kan benci. Ya koyi duba lambar da ke nuna ranar da aka yi batir, da shafa jikinsa ko ya kumbura, da kankare farin garin da ke taruwa a kan ƙarafan. Mitar nan rawaya ta zama tasa. Kowane batir sai ya auna shi yana hutawa, ya auna ana dannawa, ya sake aunawa inji yana aiki. Abinci yana samuwa, ba yabo ba fallasa. Amma duk safiyar Litinin da Alhamis, ranakun tafiyarsa, sai ka ga yana ta kallon hanyar gabas.

Bayan arba'in Hasan ya kawo Mariyamu da jaririya ganin gida. Sun yi mako guda. Ranar komawa da hantsi, babur ɗin Hasan ya yi ta nishi kafin ya tashi. Nasa irin na zamani ne, ba shi da kik ko kaɗan, maɓalli ne kawai. Hasan ya kawo shi rumfar Sufyanu. Bai gama bayani ba sai ga Alhaji ya tsallako layi, cikin farar riga, da wani jan batir a leda yana share masa ƙura.

"Ga ɗan'uwan na Musbahu," ya ce. "Sabo dal."

Hasan ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya karɓa da hannu biyu. Musbahu ya ga kansa sak. A ƙofar shago Mariyamu tana gyara goyo, ɗan kan Nana Aisha yana leƙowa cikin hular ulu, Salima tana taya ta ɗaure kaya.

Sufyanu ya ɗauki mita ya ajiye a kan benci kusa da cinyar Musbahu, ya juya baya ya ci gaba da facin taya.

"Ɗaura mishi, ɗana," in ji Alhaji. "Rana tana yi musu."

Musbahu ya karɓi batirin. Ya yage ledar. Mai shayi yana kallo, mai takalma yana kallo. Hasan ya yi masa wani kallo na roƙo, irin wanda shi ma ya yi wa Sufyanu. Musbahu ya ɗauki mita. Ya ɗora wayoyin a kan ƙarafan batirin.

Goma da ɗigo huɗu.

"Me kake yi haka?" in ji Alhaji. Ba faɗa a muryarsa, mamaki ne. "Me ya nuna?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Musbahu ya ajiye mitar.

"Baba, matacce ne."

"Ko ledar ba a ɓare ba."

"A zaune yake mutuwa, Baba. Zahi ke cinye shi. Zai iya tashi sau ɗaya a nan, amma in ya mutu musu a daji ba zai sake tashi ba."

Alhaji ya dubi batirin, ya daɗe yana dubansa.

"Kwali ɗaya suka hito da naka."

"Haka ne, Baba."

"Ka ce mini bai ba ka wahala ba."

Tsohon ya dubi sabuwar sandar da ke jingine da benci. Ya dubi gefen rumfar inda shuɗin babur ya saba tsayawa. Ya juya ya dubi ƙofar shagonsa, inda Salima ta saki igiya ta sunkuyar da kai. Sai ya zauna a kan bencin Sufyanu, wanda baƙin mai ya gama yi wa ado, da farar rigarsa, bai ko duba ba.

"Salima tana bayanka ran nan," ya ce a hankali.

A nan Musbahu ya ɗaga ido ya dubi fuskar surukinsa, karo na farko tun ranar ɗaurin aure. Ya ga ya tsufa fiye da yadda ya zata. Da ya san abin da zai gani ke nan, da wataƙila ya sake yin shiru.

Alhaji ya goge ido da bayan hannu.

"Sufyanu, ɗauko baƙin naka." Ya tura mitar gaban Musbahu da yatsa. "Auna shi, ɗana. Ina kallo."